Tambayoyi da Amsoshi Kan Lissafin Sakandare: Ƙidaya, Aljebra da Tirigonometiri

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai suke ta maimaitawa shekara da shekaru. Na jera su daga tushe zuwa sama, domin galibin makin da ake asara a aljebra da tirigonometiri ba wahalar darasin ba ce take cinye shi. Alamar ɗebewa ce da aka manta, ko ɓangaren lamba da aka tara ba bisa ƙa'ida ba. Ka ajiye biro da takarda kusa, duk misalin da ka gani ka yi shi da hannunka kafin ka karanta amsata.

Malam, a aji ina ganewa sarai, amma da an ba ni takardar jarrabawa sai kaina ya kulle. Mene ne matsalata?

Abin da ka iya shi ne bin malami da ido, wannan kuma daban yake da iya warware tambaya. Lokacin da malami yake aiki a allo, shi ne yake yanke shawarar matakin da za a ɗauka, kai kana gyaɗa kai ne kawai saboda kowane mataki ya yi maka ma'ana bayan an riga an ɗauke shi. A jarrabawa kuwa babu mai zaɓa maka mataki na farko.

Maganin ba ƙarin karatu ba ne. Ka ɗauki misalin da aka yi a aji, ka rufe amsar, ka sake yin sa daga farko a takarda mai tsabta. Inda ka tsaya cak, nan ne ainihin abin da ba ka sani ba, shi za ka kai wa malami ko abokin karatu. Sannan ka riƙa cuɗanya tambayoyin da kake gwadawa. Wanda ya yi tambayoyi ashirin a jere duka a kan abu guda ya san dabarar da zai yi amfani da ita tun kafin ya karanta tambayar, don haka bai koyi gane irin tambaya ba. Gane irin tambayar kuwa shi ne abin da jarrabawa ta fi aunawa.

Nawa ne 20 − 8 + 3? Ni na sami 9, abokina ya sami 15.

Abokinka ne ya yi daidai. Na san inda 9 ta fito: ka haddace BODMAS, haruffan Turanci da ake tuna jerin matakan lissafi da su, ka ga harafin tarawa (A) ya riga na ɗebewa (S) zuwa, sai ka tara 8 da 3 tukuna. Amma tarawa da ɗebewa matsayinsu ɗaya ne, wanda ya fara zuwa daga hagu shi ake fara yi. 20 − 8 ya ba da 12, a ƙara 3 ya zama 15. Haka ninkawa da rabawa suke: 8 ÷ 2 × 4 daidai yake da 16, ba 1 ba.

Tsarin matakai huɗu ne: abin da ke cikin baka, sai lamba mai ɗan adadi a kafaɗa irin 3², sai ninkawa da rabawa tare, sai tarawa da ɗebewa tare. Shi ya sa 6 + 4 × 3 yake ba da 18.

Akwai wani tarko a nan da yake bin ɗalibi har ajin ƙarshe. (−3)² shi ne 9, amma −3² shi ne −9, domin in babu baka, 3 kaɗai ake ninkawa sau kanta, alamar ɗebewa tana jira a waje. Duk lokacin da za ka maye gurbin harafi da lamba mai alamar ɗebewa, ka saka ta cikin baka. Wannan ɗabi'a kaɗai tana ceton maki mai yawa.

Me ya sa 1/2 + 1/3 ba zai zama 2/5 ba?

Kafin mu je ga ƙa'ida, duba amsar taka. 2/5 shi ne 0.4, bai kai rabi ba. Ka fara da rabi, ka ƙara masa wani abu, sai kuma ya ragu? Ba zai yiwu ba.

Lambar ƙasa ba adadi ba ce da ake tarawa, tana faɗa maka girman yankan da aka yi ne. Rabi da sulusi girmansu ba ɗaya ba ne, don haka sai an sake yanka su zuwa girma ɗaya. In aka raba abu gida 6, rabi ya zama 3/6, sulusi ya zama 2/6, jimla 5/6.

Ga rabawa kuma, ana cewa "juya ta biyu ka ninka", ɗalibai da yawa suna yi ba tare da sanin dalili ba. Tambayi kanka: 3 ÷ 1/4 me yake nufi? Rubu'i nawa ne a cikin 3. Kowane ɗaya yana da rubu'i 4, uku kuwa suna da 12. Ka ga 3 × 4 ke nan. Wanda ya fahimci haka ba zai taɓa juya lambar farko a maimakon ta biyu ba, ba kuma zai yi mamaki ba don rabawa ta ba shi amsar da ta fi abin da ya fara da shi girma.

Ɗebewa sau ɗebewa ya ba da tarawa. Wannan hadda ce kawai ko akwai dalili?

Akwai dalili, kuma za ka iya gani da idonka. Bi wannan jerin:

3 × (−2) = −6
2 × (−2) = −4
1 × (−2) = −2
0 × (−2) = 0

Duk saukowa ɗaya, amsa tana ƙaruwa da 2. Layi na gaba shi ne (−1) × (−2), kuma in tsarin zai ci gaba ba tare da ya karye ba, dole amsar ta zama 2. Na bayansa 4. Masanin lissafi na Indiya, Brahmagupta, ya rubuta waɗannan ƙa'idoji tun shekarar 628, yana kiran lambobin da suka fi sifiri dukiya, masu alamar ɗebewa kuma bashi.

Sai dai ka kiyaye: wannan ƙa'idar ta ninkawa da rabawa ce. −5 − 3 ba 8 ba ne, −8 ne. Ba a ninka komai ba a nan, kana kan −5 ne ka ƙara yin ƙasa da taki uku.

Me ya sa ba a raba lamba da sifiri?

Domin 12 ÷ 3 = 4 yana nufin 3 × 4 = 12. To in ka ce 12 ÷ 0 yana da amsa, kana cewa akwai lambar da in aka ninka ta da sifiri za ta ba da 12. Babu ita. Amma 0 ÷ 12 ba shi da matsala, amsarsa 0.

In abu ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari, sannan ya ragu da kashi 20 cikin ɗari, ai ya koma yadda yake ko?

A'a. Ɗauki makaranta mai ɗalibai 200. Ƙarin kashi 20 ya kai su 240. Ragin kashi 20 kuma yanzu daga 240 za a cire shi, wato 48, saura 192. Kashi cikin ɗari kullum na wani abu ne, kuma abin ya canza tsakanin mataki na farko da na biyu.

Hanya mafi tsabta ita ce ka mai da komai ninkawa. Ƙarin kashi 20 shi ne ninkawa da 1.2, ragin kashi 20 shi ne ninkawa da 0.8, su biyun tare 0.96. Da wannan ne kuma ake komawa baya: in an ce bayan ƙarin kashi 20 adadi ya zama 240, a nemo na asali, sai ka raba 240 da 1.2 ka sami 200. Cire kashi 20 daga 240 ba zai kai ka can ba.

An koya mana cewa in lamba ta tsallake alamar daidai, alamarta tana canzawa. Me ya sa wani lokaci nake faɗuwa da wannan?

Domin a gaskiya babu abin da yake tsallakewa. Alamar = da wani likita kuma masanin lissafi ɗan Wales, Robert Recorde, ya fara amfani da ita a 1557, tana cewa ne abin da ke hagu da abin da ke dama nauyinsu ɗaya, kamar sikeli mai faranti biyu da ya tsaya daidai. Duk abin da ka yi wa faranti ɗaya sai ka yi wa ɗayan.

A 3x + 5 = 20, ka ɗebe 5 daga ɓangarorin biyu, ya zama 3x = 15. Ka raba ɓangarorin biyu da 3, x = 5. Ɗalibin da ya riƙe "tsallake ka canza alama" shi ne yake zuwa kan 3x = 15 ya rubuta x = 15 − 3, ko kuma x = 15 ÷ (−3). Wanda ya tambayi kansa "me aka yi wa x, yaya zan warware shi" ba ya faɗawa nan: an ninka x da 3, to rabawa ce za ta kwance shi.

Ba na hana ɗalibi gajerar hanya in ya ƙware. Amma bayan ya gama, ya mayar da amsarsa cikin tambayar ta asali. 3 × 5 + 5 = 20, ta zauna. Aljebra na daga cikin darussa ƙalilan da ɗalibi zai iya sanin ya ci ko bai ci ba tun kafin ya miƙa takarda, abin takaici ne yadda kaɗan ne suke amfani da wannan dama.

Shin (a + b)² daidai yake da a² + b²?

Gwada da 3 da 4. (3 + 4)² shi ne 49. 3² + 4² shi ne 25. Akwai 24 da ta ɓace, ita ce 2ab, wato 2 × 3 × 4. Cikakkiyar ƙa'idar ita ce (a + b)² = a² + 2ab + b². In ka zana murabba'i mai gefe a + b, ka tsaga shi, za ka ga murabba'i biyu da kuma wasu gidaje biyu dogaye, kowane mai faɗin fili ab.

Wannan kuskure yana da 'yan uwa. √(9 + 16) shi ne 5, ba 3 + 4 ba. A (x + 6)/x ba a soke x na sama da na ƙasa a bar 6, domin in x = 2 amsar 4 ce. Sokewa tana halatta ne kawai in abin da ke sama ninkawa ce ta haɗa shi, ba tarawa ba. Duk sanda ka yi shakkar wata ƙa'ida a tsakiyar jarrabawa, ka saka ƙananan lambobi ka gani, amma ka guji 0 da 1, domin sukan sa ƙarya ta yi kama da gaskiya.

Hanyoyin warware kwadaratik, wato lissafi mai siffar ax² + bx + c = 0, uku ne. Wacce zan bi?

Ka fara da neman faktoci in lambobin masu sauƙi ne. A x² − 5x + 6 = 0, kana neman lambobi biyu da ninkinsu 6, jimlarsu −5. Su ne −2 da −3, don haka (x − 2)(x − 3) = 0, x kuwa 2 ne ko 3. Dalilin da ya sa wannan yake aiki shi ne sifirin da ke dama: in ninkin abubuwa biyu ya ba da sifiri, dole ɗayansu sifiri ne. Babu wata lamba mai wannan hali. Da tambayar ta ce (x − 2)(x − 3) = 6, ba ka da ikon cewa x − 2 = 6. Sai ka buɗe baka, ka kawo komai gefe guda, ka sami x² − 5x = 0.

Ga wani wurin zamewa kuma a daidai nan. Da yawa za su rubuta x² = 5x, su raba da x, su ce x = 5. Sun jefar da amsa guda, domin x = 0 ita ma amsa ce, kuma rabawa da x ya zama rabawa da sifiri ba tare da sun lura ba. Daidai shi ne x(x − 5) = 0.

Hanya ta biyu, cika murabba'i, ita ce na fi so ɗalibi ya fahimta ko da ba zai riƙa amfani da ita kullum ba. Muhammad bin Musa al-Khwarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza a zamanin Halifa Ma'amun wajen shekarar 820, ya bar mana misalin da har yau ake koyarwa: x² + 10x = 39. Shi bai rubuta x ba, da kalmomi zalla ya yi bayaninsa, sai kuma zane. Ka zana murabba'i mai gefe x. Ka raba 10x gida biyu, ka manna 5x a gefen dama, 5x a ƙasa. Siffar da ta fito saura ƙiris ta zama babban murabba'i, lungu ɗaya ne kawai ya rage, mai 5 sau 5. Ka cike shi da 25, ka ƙara 25 a ɗaya ɓangaren: (x + 5)² = 64. Ke nan x + 5 = 8, x = 3. Shi a nan ya tsaya, domin gefen murabba'i ba ya zama ƙasa da sifiri. Kai kuwa sai ka ƙara da x + 5 = −8, wato x = −13.

Fomula kuwa, x = (−b ± √(b² − 4ac)) / 2a, ba komai ba ce illa wannan cika murabba'in da aka yi sau ɗaya da haruffa domin a huta. Tana aiki ko da yaushe. A 2x² − 7x + 3 = 0, a = 2, b = −7, c = 3. Abin da ke ƙarƙashin alamar rut (√) shi ne 49 − 24 = 25. Sai x = (7 ± 5)/4, wato 3 ko 1/2. Ka fara lissafa b² − 4ac shi kaɗai a gefe: in ya fi sifiri amsoshi biyu ne, in sifiri ne amsa ɗaya, in ya gaza sifiri babu amsa a cikin lambobin da aka saba da su.

A ikweshin biyu masu x da y, yaushe ake tarawa, yaushe ake ɗebewa?

Burinka harafi ɗaya ya ɓace. A 2x + 3y = 16 da 5x − 3y = 19, tarawa za ta kashe y, ka sami 7x = 35, x = 5, y = 2. A 4x + y = 14 da 4x − 2y = 8 kuwa, ɗebewa ce za ta kashe x. Hattara a nan: y − (−2y) shi ne 3y, ba −y ba. 3y = 6, y = 2, x = 3. Ka gwada amsarka a ikweshin ɗin da ba ka yi amfani da shi wajen nemo harafi na biyu ba.

Tambayoyin da ake rubutawa da zance su ne suke kayar da ni. Ta ina zan fara?

Ka fara da rubuta, da cikakkiyar jimla, abin da x yake wakilta. Ba "x = ɗa" ba, a'a, "x = shekarun ɗan a yanzu". Misali: shekarun uba sun ninka na ɗansa sau huɗu, nan da shekara 20 kuma za su zama ninki biyu kacal. Yanzu ɗa x, uba 4x. Nan da shekara 20, ɗa x + 20, uba 4x + 20, domin shi ma uban ba tsayawa zai yi ba, kuma nan ne ake yawan mantawa. Sai 4x + 20 = 2(x + 20), wanda ya ba da 2x = 20, x = 10. Ɗa 10, uba 40. Nan gaba 30 da 60. Ka koma ka karanta jimlar ƙarshe ta tambayar, wataƙila shekarun uban aka nema ba na ɗan ba.

Me ya sa alamar > (ta "ya fi") take juyawa in an raba da lamba mai alamar ɗebewa?

2 bai kai 5 ba. Ninka su da −1: −2 da −5. Yanzu −2 ne babba. Ninkawa da irin wannan lamba tana juya layin lambobi gaba ɗaya, na dama ya koma hagu. Don haka −2x > 6 ya zama x < −3. Gwada x = −4: −2 × (−4) = 8, ya fi 6.

Wai shin mene ne sin, cos da tan? Ina danna su a kalkuleta amma ban san me suke nufi ba.

Wannan tambaya ta fi duk sauran muhimmanci a tirigonometiri, kuma ina jin daɗi in ɗalibi ya yi ta. Zana alwatika mai kusurwar digiri 90, ɗaya kusurwar kuma digiri 30. Auna gefen da ke fuskantar 30, ka auna gefe mafi tsawo, wanda ake kira haifotenus. Za ka ga na farkon rabin na biyun ne. Sake zana wata babba da kusurwoyi iri ɗaya, har ta cika takarda. Rabi ne dai. Muddin kusurwoyin ba su canza ba, girman alwatika ba ya taɓa dangantakar gefunanta. Wannan dangantakar ita aka raɗa wa suna. Sin shi ne mafuskanci a raba da haifotenus. Cos shi ne maƙwabci, wato gefen da ke jikin kusurwar wanda ba haifotenus ba, a raba da haifotenus. Tan shi ne mafuskanci a raba da maƙwabci. In kalkuleta ta ce sin 35° = 0.5736, tana cewa ne a duk alwatika irin wannan, mafuskancin ya ɗan haura rabin haifotenus.

Masu nazarin taurari ne suka fara buƙatar wannan ilimi, domin ba a kai igiyar awo sama. Hipparchus na Girka ya tsara jadawalin farko a ƙarni na biyu kafin haihuwar Annabi Isa, Aryabhata na Indiya ya kawo jadawalin sin a 499, malaman daular Musulunci irin su al-Battani da Abul Wafa suka faɗaɗa shi a ƙarni na 9 da na 10.

Kusurwoyi na musamman ba sa buƙatar hadda. Zana alwatika mai gefuna uku daidai, kowane 2, ka tsaga ta biyu daga sama. Rabin da ya fito yana da haifotenus 2, gindi 1, tsayi √3, da kusurwoyi 30 da 60. Daga nan sin 30° = 1/2, cos 30° = √3/2, tan 60° = √3. Ka kuma tsaga murabba'i mai gefe 1 daga lungu zuwa lungu, ka sami 1, 1, √2 da kusurwar 45. Zane biyu, an gama jadawalin.

Yaya zan san wanda zan zaɓa cikin ukun?

Ka yi wa gefuna suna tukuna, daga mahangar kusurwar da kake aiki da ita. Haifotenus ba ya canzawa, kullum yana fuskantar digiri 90. Amma mafuskanci da maƙwabci suna musayar wuri in ka koma ɗaya kusurwar. Sannan ka duba gefen da aka ba ka da wanda ake nema, ka ɗauki wanda ya haɗa su.

Kana tsaye mita 20 daga gindin bishiya, ka ɗaga ido zuwa ƙololuwarta da kusurwar digiri 35. Kana da maƙwabci, kana neman mafuskanci, tan ke nan. Tsayi = 20 × tan 35° = 20 × 0.7002, kimanin mita 14.0. In an ce idonka yana mita 1.6 daga ƙasa, sai ka ƙara, bishiyar ta zama mita 15.6.

In abin da ake nema yana ƙasa, kamar sin 40° = 9/x, to x = 9 ÷ sin 40°, kimanin 14.0. Wanda ya ninka zai sami 5.8, haifotenus da bai kai ɗaya gefen tsawo ba. Kallo ɗaya ya isa ya gane akwai gyara.

In kuwa babu kusurwa a maganar, gefuna biyu aka bayar ana neman na uku, ƙa'idar Pythagoras ce: a² + b² = c², inda c shi ne haifotenus. Yana da kyau ka san 3, 4, 5 da 5, 12, 13 da 8, 15, 17 da ka, suna yawan fitowa. Mutanen Babila sun rubuta irin waɗannan lambobi a allon yumɓu wajen shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa, fiye da shekara dubu kafin Pythagoras.

Na danna sin 30 kalkuleta ta ba ni −0.988. Ta lalace ne?

Lafiyarta ƙalau, tana auna kusurwa da rediyan ne maimakon digiri. Rediyan ɗaya kimanin digiri 57.3 ne, π rediyan kuma digiri 180. Duba saman gilashin, ka tabbatar D ko DEG ne yake nunawa, ba R ko G ba. Kafin kowace jarrabawa ka danna sin 30, in ba ka ga 0.5 ba kada ka fara aiki.

Abu biyu kuma: sin⁻¹ ba 1 a raba da sin ba ne, maɓallin komawa baya ne daga lamba zuwa kusurwa. Sannan kada ka taƙaita lamba a tsakiyar aiki. Bar ta cikakkiya a kalkuleta, sai a layin ƙarshe ka rage ta zuwa yadda aka nema.

In alwatika ba ta da kusurwar digiri 90 fa?

Akwai ƙa'idoji biyu. Ƙa'idar sin: a/sin A = b/sin B = c/sin C, inda kowane gefe yake fuskantar kusurwa mai harafinsa. Tana aiki in kana da gefe tare da kusurwar da yake fuskanta. Ƙa'idar cos: c² = a² + b² − 2ab cos C, ta wanda yake da gefuna biyu da kusurwar da ke tsakaninsu, ko gefuna uku. Ka lura in C digiri 90 ne, cos ɗinsa sifiri ne, sai ta koma ta Pythagoras.

In a = 7, b = 8, C = 60°, to c² = 49 + 64 − 112 × 0.5 = 57, c kimanin 7.55. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗebe 112 daga 113 tukuna sannan a ninka da cos. Tsarin aiki na tambaya ta biyu ne ya dawo: ninkawa kafin ɗebewa.

Ƙa'idar sin tana da nata sirrin in kusurwa ake nema. In a = 6, b = 8, A = 40°, sin B ya zama 0.857, kalkuleta za ta ce digiri 59. Amma 121 ma yana da wannan sin ɗin, kuma 121 + 40 bai kai 180 ba, don haka alwatika biyu ne suka dace da bayanin. Kalkuleta ɗaya kawai take faɗa, kai ne za ka nemo ta biyun.

Ta yaya kusurwar digiri 150 za ta sami sin, alhali ba ta shiga alwatika mai digiri 90?

A nan ake faɗaɗa ma'anar. Zana da'ira mai nisan 1 daga tsakiya zuwa baki, tsakiyarta a mahaɗar layin x da na y. Fara daga dama, ka juya saɓanin tafiyar hannun agogo gwargwadon kusurwar. Inda ka tsaya a bakin da'ira, nisanka ta kwance shi ne cos, tsayinka kuma sin. A digiri 30 da 150 tsayin ɗaya ne, ɗaya a dama ɗaya a hagu, shi ya sa 2 sin x = 1 yake da amsoshi biyu tsakanin 0 da 360. A hagu cos yana ɗaukar alamar ɗebewa, a ƙasa kuma sin ne yake ɗauka. Cos x = −1/2 yana faruwa a 120 da 240. Sin²x + cos²x = 1 ma daga wannan zanen ta fito, Pythagoras ce da haifotenus 1.

Tambayoyin alkiblar tafiya, masu lamba uku irin 060°, suna rikita ni.

Ana auna su daga arewa, ana bin tafiyar hannun agogo, gabas 090°, kudu 180°, yamma 270°. Ka zana layin arewa sabo a kowane wurin da matafiyin ya juya, ba a mafari kaɗai ba, kuma ka yi zanen babba. Kalmar "daga" ita ce take faɗa maka inda za ka tsaya ka auna. In alkiblar B daga A ita ce 060°, ta A daga B ita ce 240°, an ƙara 180.

Jirgin ruwa ya tashi daga A ya yi kilomita 6 a kan 060° zuwa B, ya juya ya yi kilomita 8 a kan 150° zuwa C. A wurin B, hanyar komawa A tana 240°, hanyar zuwa C tana 150°, bambancinsu 90. Alwatikar tana da kusurwar digiri 90 ke nan a B, don haka nisan A zuwa C shi ne √(36 + 64), kilomita 10. Kusurwar da ke A kuwa tan ɗinta 8/6 ne, wato digiri 53.1. Wannan ba ita ce amsa ba tukuna, domin daga layin AB aka auna ta, ba daga arewa ba. Ka ƙara ta a kan 060°, alkiblar C daga A ta zama 113°.